Kundin Zane: Aikin Sha'awa Ga Ɗalibi Da Ma'aikaci

Wannan ita ce laccar da baƙonmu ya gabatar a babban ɗakin taro a lokacin makon al'adu na ƙungiyar ɗalibai. Mun buga ta gaba ɗayanta saboda waɗanda ba su sami halarta ba.



Da farko ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace a keɓe yammacin yau domin a tattauna a kan aikin sha'awa, watau abin da mutum yake yi da hannunsa sa'ad da ya sami sarari, ba don a biya shi ko a ba shi maki ba. Ayyukan sha'awa suna da yawa: wani kiwon tantabaru, wani lambu a bayan gida, wata saƙa, wani tara kan sarki. Na zaɓi guda ɗaya daga ciki, wanda na ga bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, bai kuwa fi ƙarfin ɗan lokacin da ma'aikaci yake samu bayan ya tashi daga aiki ba. Zan kira shi kundin zane.

Kundin zane littafi ne da mutum yake ajiyewa domin kansa, yana shigar da abin da ya gani, ko ya ji, ko ya dame shi a kwanakinsa, amma ba da rubutu kaɗai ba. A shafi guda zai yi ɗan rubutu, ya yi zane, ya shafa launi, sa'an nan ya liƙa tikitin mota, ko ƙyallen atamfa, ko busasshen ganye, ko kan sarkin da ya ɓamɓaro daga tsohuwar ambulan. Haɗa waɗannan kaya iri-iri a kan takarda ɗaya shi ne zan riƙa kira aikin gauraye.

Ban zaɓi kalmar kundi da ka ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban wani tsohon malami ya ga yadda yake kwance gafakarsa ya fito da tarin takardu warwara, waɗansu har sun yi ja don tsufa, to ya san abin da ake kira kundi. A ciki akwai addu'o'i, da laƙanin magani, da hatimi mai gida-gida, da ranar da aka haifi ɗa, da shekarar da aka yi fara, da abin da ya ji daga bakin malaminsa. Ya tara su ne don amfanin kansa, bai taɓa nufin a buga ba. Haka kuma mun san zayyanar da ake yi wa allon wanda ya sauke, da ja da rawaya da kore da baƙi. Saboda haka tara rubutu da zane da launi wuri guda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya sake shi ne irin abin da ake zubawa a ciki, da kuma cewa yanzu kowa yana iya yi, ba sai malami ba.

Masu kundi a waɗansu ƙasashe

Kafin mu zo kan amfaninsa gare mu, bari mu leƙa mu ga yadda waɗansu suka yi nasu. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya da ya mutu a 1519, ya bar shafi fiye da 7,000 na kundinsa. A shafi guda za ka ga zanen fiffiken tsuntsu, kusa da shi lissafin yadda ruwa yake gudu, can ƙasa kuma jerin kayan cefane. Daga dama zuwa hagu yake rubutunsa, sai an kara madubi ake jin daɗin karantawa. A 1994 Bill Gates ya sayi ɗaya daga cikin kundayen nan, mai shafi 72, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 30. Haka kuma Eugène Delacroix, mai zane Bafaranshe, da ya je Maroko a 1832 ya cika ƙananan littattafai da zanen ƙofofi da dawaki da tufafin mutane, yana rubuta sunan kowane launi a gefe don kada ya manta. Wata shida ya yi a tafiyar, amma har ya mutu a 1863 yana komawa cikinsu yana ɗebo abin da zai zana.

Liƙe-liƙe kuwa ya daɗe a hannun talakawa, sai dai manyan masu zane na Turai ba su ɗauke shi da daraja ba sai a 1912. A shekarar nan Pablo Picasso ya liƙa guntun ledar tebur mai hoton saƙar kujera a kan zanensa, ya kewaye shi da igiya, abokinsa Georges Braque kuma ya liƙa takardar bango mai kama da katako. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ga Kurt Schwitters a birnin Hanoba na Jamus, yana bin titi yana tsintar tsofaffin tikitoci da yagaggun jaridu yana haɗa hoto da su. Jamus a lokacin tana cikin talauci, sai ya gina aikinsa da abin da mutane suka yar.

A Meksiko akwai Frida Kahlo, wadda haɗarin mota ya naƙasa tun 1925. A shekaru goma na ƙarshen rayuwarta, daga 1944 zuwa 1954, ta riƙe wani kundi inda take rubutu da tawada launi-launi, in tawada ta ɗiga ta ɓata shafi sai ta mai da ɗigon ya zama fuska ko tsuntsu. Ba a buga shi ba sai 1995. A Kenya kuma akwai wani saurayi, Dan Eldon, wanda aka haifa a Landan a 1970 ya girma a Nairobi. Yana aikin ɗaukar hoto na kamfanin labarai na Reuters aka kashe shi a Mogadishu ran 12 ga Yuli 1993, yana da shekara 22. Ya bar kundi 17 cike da hotuna da taswira da gashin tsuntsu da fenti. Sa'an da yawanku ne, kuma waɗannan littattafai su ne suka sa duniya ta san yadda ya yi 'yan shekarunsa.

Amma wanda nake so mu ɗan tsaya a kansa shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, domin labarinsa ya fi kusa da mu. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar Alƙur'ani ne, saboda haka da allo da tawada ya buɗe ido. Ya yi karatun zane a Landan, an kuwa nuna ayyukansa a ƙungiyar Mbari ta Ibadan a farkon shekarun 1960. Daga baya ya zama babban ma'aikaci a ma'aikatar al'adu ta ƙasarsa. A watan Satumba na 1975 aka kama shi bisa zargin yana da hannu a yunƙurin juyin mulki, aka kai shi kurkukun Kobar, ya yi fiye da wata shida ba a kai shi gaban shari'a ba. A can an hana fursuna takarda da abin rubutu. Sai ya sami guntun fensir, ya riƙa yagar takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in ya ji motsin gandiroba ya binne a ƙasa. Da aka sake shi a 1976 aka yi masa ɗaurin talala a gida, sai ya ɗauki littafi ya shiga zuba abin da ya gani a kurkuku, zane da rubutun Larabci a cakuɗe, domin ya fitar da ɗacin daga zuciyarsa. An buga wannan kundi a 2018. Dabarar da ya koya a kurkuku, ta fara ɗan ƙaramin zane sa'an nan a riƙa ƙara masa takarda a gefe har ya zama babba, ita ya ci gaba da aiki da ita shekara da shekaru. Jama'a, wannan ma'aikacin gwamnati ne kamar waɗansunku, aka raba shi da ofis da muƙami rana ɗaya, abin da ya rage masa shi ne hannunsa da guntun fensir.

Amfaninsa ga ɗalibi da ma'aikaci

Na farko, ku dubi yawan rubutun da kuke yi, sa'an nan ku tambayi kanku don wa kuke yinsa. Ɗalibi yana rubutu domin mai duba jarrabawa, yana auna kowace kalma da makin da za ta kawo. Ranar da ya gama ya kama aiki, sai ya koma rubutu a fayil, yana buɗe kowace wasiƙa da cewa an umurce shi ya sanar, ya rufe ta da sa hannu a madadin wani. Wannan ba laifi ba ne, haka aikin ofis yake tafiya. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin bai rubuta layi guda da bakin kansa ba, yakan wayi gari ya rasa yadda zai faɗi abin da ke ransa ko da a gidansa ne. Kundin zane wuri ne da babu jan biro. A ciki kana iya yin fushi, ka yi shirme, ka zana abin da bai yi kama da komai ba, ba mai mayar maka da shi ya ce a sake.

Masana sun ɗan bincika wannan. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi damunsu, minti 15 kullum har kwana huɗu, ya kuwa ga waɗanda suka yi haka sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin yana nan, sai dai matsakaici ne. Saboda haka kundi yana rage nauyin zuciya, amma wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci, likita zai gani.

Na biyu, zane yana koya wa ido kallo. Ga jarrabawa ƙarama da kowa zai iya yi wa kansa yau da dare. Ɗauki takarda ka zana ƙofar ɗakin kwananka da ka, ba tare da ka duba ba, ko ka zana aikin aska takwas da ke gaban rigar mahaifinka. Za ka tarar abin da kake gani kullum shekara da shekaru ba ka san yadda yake ba. Sa'ad da ka zauna gaban ƙofar da fensir na minti goma, sai ka ga tsagar da ke jikin katako, da inda hannuwa suka goge fenti. Wannan idon shi ne wanda likita yake bukata a kan majiyyaci, da malamin gona a kan ganyen dawa, da mai binciken kuɗi a kan rasit. Ko zanen bai yi kyau ba, kallon da aka yi ya zauna.

Na uku, shi ne wanda ya fi damuna, watau ajiye shaida. Wanda ya je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna zai tarar da fayil-fayil na gwamna da razdan da di'o, amma zai sha wuya kafin ya ji muryar mai tallan fura ko ɗan dako. Abin da ya sa littafin Baba ta Karo yake da daraja har yau shi ne wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da tsohuwar a 1949 da 1950 ta rubuta yadda aka yi aure da goyo da ƙawance a zamaninta, aka buga a 1954. Tsofaffi nawa irinta suka tafi da nasu labarin? A 1972 aka mai da tuƙi hannun dama a Nijeriya, ran 1 ga Janairu 1973 kuma aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. Da a ce wani ɗalibi na wancan lokaci ya liƙa rasit ɗin kantin makaranta na makon ƙarshe na fam, ya rubuta kuɗin mudun gero a gefe, ya zana yadda direbobi suka rikice a shataletale, da yau masu nazarin tarihi suna rububin littafinsa.

To, ku ma zamaninku bai rasa irin waɗannan ba. Kun ga kullen annoba a 2020. Kun zauna gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a. Kun bi layin banki a farkon 2023 sa'ad da aka sake fasalin kuɗi takardar naira ta yi wuya, kun kuwa ga yadda kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar. Jaridu sun rubuta abin da gwamnati ta ce. Abin da aka ci a gidanku a makonnin nan, da lambar da aka rubuta maka a layi, da fuskar mai gadin banki, in ba ku ajiye ba babu mai ajiyewa.

Na san wani zai ce ai duk yana da su a wayarsa. Ina tambayarsa, ina hotunan da ke cikin wayarsa ta shekara biyar da suka wuce? Ko an sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko an manta lambar sirri. Wanda ma nasa suke nan, dubbai ne jibge ba ya komawa kansu. Shafin kundi ƙarami ne, dole ka zaɓi abu guda daga cikin yininka, kuma zaɓen nan shi ne yake sa abin ya zauna a ka.

Kayan aiki

Duk wanda ya leƙa YouTube ko Instagram zai ga masu wannan sha'awa a Amurka da Japan da tebur cike da kayan kanti, har ya ɗauka sai mai kuɗi. Kada wannan ya karya muku gwiwa. El Anatsui, mutumin Gana wanda ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, da murafen kwalabe da wayar jan ƙarfe yake ɗinka manyan ayyukansa, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar girma a bikin nunin zane na birnin Banis. Tun 1958 ma ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka tsaya a kan cewa a karɓi dabarar waje, amma a gina ta a kan abin gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Littafi dai a sami mai bangon kwali da aka ɗinke da zare, irin na akawu, domin mai ƙusar waya yakan yi tsatsa ya saki. Tun da liƙe-liƙe yana kumbura littafi, sai a riƙa yanke ganye ɗaya daga cikin kowane uku ko huɗu, a bar ɗan gindinsa kamar faɗin yatsa. In takardar ba ta da kauri, a manne ganye biyu su zama ɗaya kafin a sa mata ruwa.

Ku san kuwa takarda suna ta tara. Yawancin kundayen malamanmu na ƙarni na 19 an rubuta su a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake suke kawowa ta Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita. Da tsumma ake yinta, shi ya sa ta kai yau da ƙarfinta. Takardar jarida kuwa da niƙaƙƙen itace ake yi, tana ɗauke da sinadarin da yake sa ta yi ja ta riƙa karyewa cikin 'yan shekaru, musamman in rana tana dukanta. Mafi rauni duka ita ce takardar rasit mai santsi da injin cire kuɗi da manyan kantuna suke bayarwa. Ba tawada a jikinta, zafi ne yake fito da rubutun, saboda haka yakan goge da kansa. In za ka liƙa irinta, kwafe abin da ke jiki da fensir a gefe. Fensir ɗin nan da ake rainawa ya fi yawancin biro daɗewa.

Wajen manni, farin gam na kafintoci ya fi, a ɗan sirka shi da ruwa a shafa sama-sama da yatsa ko buroshi. Ƙaro ma yana yi in an jiƙa shi a ruwan ɗumi aka tace, sai dai in ya yi kauri yakan tsage da rani, ya yi danƙo da damina. Kokon sitaci ko na fulawa yana kama takarda sosai, amma kyankyaso da gara suna sonsa. Salatif kam a guje shi, domin bayan 'yan shekaru yakan saki ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. In an gama liƙi a sa leda tsakanin shafukan, a danne da manyan littattafai har gari ya waye.

Launi kuwa yana kewaye da mu. Fentin ruwa da ake sayowa daga Turai a ƙaramin akwati garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan kuma Sudan da Chadi da Nijeriya su ne kan gaba wajen sayar wa duniya. Ashe ke nan kowa yana iya haɗa nasa: a daka gawayi ko jar ƙasa, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi, a kwaɓa da ruwan ƙaro. Waɗannan biyu ba sa kodewa. Shuni yana ba da shuɗi, ruwan shayi da na goro suna ba da ruwan ƙasa, lalle yana ba da ja mai duhu. Gangamau yana ba da rawaya mai kyau, zoɓo kuma ja, amma su biyun haske yana cinye su, na zoɓo ma yakan juya ya koma toka-toka. Tun da littafi a rufe yake wuni, za su ɗan jima, sai dai kada a dogara da su ga abin da ake so jikoki su gani.

Abin liƙawa ba a sayensa. Tela yana zubar da ƙyalle kullum, baduku yana da ragowar fata, ga zaren da ya saura daga ɗinkin hula, ga gashin zabo, ga tsohuwar kalanda da katin ɗaurin aure da takardar alewa. Ganye da fure sai an shanya su tsakanin jaridu a ƙarƙashin nauyi kamar mako biyu, in ba haka ba su ruɓe su ɓata shafi. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: ɗora takarda a kan sassaƙaƙƙiyar ƙwarya ko faifai ko tsohon kobo, ka goga gefen fensir a kai, sai zanen ya fito da kansa. Ajiya kuwa a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, a jefa busasshen ganyen darbejiya a ciki. Kada a ƙulle littafi a leda da damina, fumfuna za ta kama shi.

Yadda za a fara

Shafin farko shi ne mai ban tsoro, don haka a tsallake shi a fara daga na uku. Kowane shafi a sa masa kwanan wata da sunan wuri, wannan kaɗai ce doka. Sa'an nan a liƙa abu guda daga yinin, a zana abu guda da ke gaban ido, a rubuta layi biyu ko uku. Minti 15 ya isa, ko sau biyu a mako ne. Wanda ya ce bai iya zane ba, ya fara da ɗora makullinsa ko cokalinsa a kan takarda ya bi gefensa da fensir. Da rarrafe yaro kan tashi. In shafi ya ɓaci kada a yage, a shafe shi da launi a liƙa wani abu a kai.

Akwai kuma waɗanda ba sa son zana abu mai rai saboda addini. Wannan ba zai hana su komai ba. Ga dagi, ga zayyana, ga zanen da magina suke yi a fuskar soro a Zariya da Kano da Damagaram, ga ganyaye da taswirar unguwa da rubutun ajami. Mutum zai cika kundi goma bai zana ko ƙuda ba.

Abubuwan kiyayewa

Ku ma'aikata, takardar ofis ba taku ba ce. Dokar kiyaye asirin gwamnati ta 1962 tana nan, saboda haka kada wata takarda daga fayil ta shiga kundinku, komai ƙanƙantarta. Takardar naira ma ba a yanka ta ba a rubutu a kanta, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana. Ku ɗalibai, almakashi ba ya shiga laburare. Littafin da ka yanke wa hoto ka cuci duk wanda zai zo bayanka. Takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah a ba ta girmanta, kada a yayyanka ta. Daga ƙarshe, asirin da aboki ya ba ka amana ne, in ka rubuta shi ka sani wata rana littafi yana iya faɗawa hannun wani. Haka nan in ka tsinci kundin abokin ɗakinka, rufe ka mayar masa.

Shugaban taro, kafin in zauna ina da roƙo guda ga ƙungiya. A ba masu wannan sha'awa ɗaki da tebur sau ɗaya a wata, kowa ya zo da ƙyallensa da ƙaronsa a yi musaya, wanda ya san haɗa tawada ya koya wa wanda bai sani ba, a gayyato baduku ko marini daga cikin gari ya nuna yadda yake fitar da launinsa. Amma ina roƙo kada a mai da shi gasa, kada a sa kyauta. Ranar da aka fara ba da na ɗaya da na biyu, kowa zai koma yi don idon alƙali, jarrabawa kuwa kuna da ita isasshiya. Wanda ya so ya nuna shafinsa ya nuna, wanda bai so ba a ƙyale shi.